Takunkumin Rasha: Abin da ya kamata ’yan kasuwa da bankunan Najeriya su sani

Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka ƙaƙaba wa Rasha takunkumin karya tattalin arziki, kuma har yanzu ƙasashen biyu na da cikakkiyar hulɗar jakadanci da ta kasuwanci. Daga Rasha ake shigo da wani kaso na alkamar da kamfanonin fulawa ke niƙawa, da kifin ƙanƙara, da sinadarin fotash da ake haɗa takin zamani da shi. Akwai kuma ɗalibai ’yan Najeriya da ke karatu a jami’o’inta.

Duk da haka, tun daga shekarar 2022 wanda ke son biyan kuɗin kaya zuwa Rasha kan tarar bankinsa ya tsare shi da tambayoyi, ko kuɗin ya maƙale a hanya makonni, ko ya dawo ba tare da gamsasshen bayani ba. Wasu na ɗaukar haka a matsayin gazawar banki. Gaskiyar maganar ita ce bankin na kare kansa ne daga hukuncin wata doka da aka rubuta a wata ƙasa, wadda hannunta ke kaiwa ga duk wanda ya yi mu’amala da dala.

Wane ne ke da ikon sanya takunkumi?

Takunkumi mataki ne da ƙasa ko gungun ƙasashe ke ɗauka don matsa wa wata gwamnati, ko ƙungiya, ko mutum lamba ba tare da amfani da ƙarfin soja ba. Yana iya zama hana ciniki, ko daskarar da kadarori, ko hana shiga ƙasa, ko hana sayar da makamai. Dangane da wanda ya sanya shi, ya kasu gida uku, kuma nauyin kowanne a kan ɗan Najeriya daban ne.

Na farko shi ne na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sashe na 41 na kundin majalisar ya ba kwamitin ikon ɗaukar matakan da ba na soja ba, sashe na 25 kuma ya wajabta wa kowace ƙasa mamba aiwatar da abin da ya yanke. Irin wannan ne aka sanya wa Koriya ta Arewa tun 2006, kuma a ƙarƙashinsa ne aka saka Boko Haram cikin jerin ƙungiyoyin da aka haramta mu’amala da su a watan Mayun 2014. Bin wannan wajibi ne a kan Najeriya da duk wanda ke cikinta.

Na biyu shi ne na ƙungiyar yanki. Mazauna garuruwan kan iyaka sun ga irinsa da idanunsu. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 a Jamhuriyar Nijar, shugabannin ECOWAS sun yi taro a Abuja ranar 30 ga watan, suka rufe iyakoki, suka dakatar da hada-hadar kasuwanci da ta kuɗi, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take ba maƙwabciyar tata. Manyan motoci sun yi dogon layi a Illela da Jibiya da Maigatari har zuwa lokacin da aka ɗage matakan a ranar 24 ga Fabrairun 2024.

Na uku shi ne wanda wata ƙasa ko wasu ƙasashe suka sanya bisa raɗin kansu. Takunkumin Rasha na cikin wannan rukuni. Rasha na da kujerar din-din-din a Kwamitin Sulhu tare da ikon hawa kujerar na-ƙi, don haka babu yadda za a yi kwamitin ya zartar da ƙuduri a kanta. Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya da Kanada da Japan da Ostireliya da Suwizalan da wasu ƙawayensu ne suka sanya nasu, kowa da dokarsa. Najeriya ta kaɗa ƙuri’ar amincewa da ƙudurin Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya na ranar 2 ga Maris 2022, wanda ƙasashe 141 suka goyi bayansa, inda aka nemi Rasha ta janye daga Yukren. Sai dai wannan ƙuduri bai ƙunshi takunkumi ba, kuma ba shi da ƙarfin tilastawa.

Yadda matakan suka yi ta ƙaruwa

Takunkumin farko ya biyo bayan mamaye yankin Kirimiya ne a 2014, amma bai yi faɗi ba. Abin ya sauya bayan ranar 24 ga Fabrairun 2022, lokacin da dakarun Rasha suka kutsa cikin Yukren. Cikin ’yan kwanaki ƙasashen Yamma suka daskarar da kimanin dala biliyan 300 na kuɗin ajiyar Babban Bankin Rasha, wanda kaso mafi tsoka nasa ke hannun cibiyar Euroclear da ke Beljiyam. A watan Maris aka cire bankuna bakwai na Rasha daga SWIFT, wato kafar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi ta cikinta. A watan Yuni aka ƙara da Sberbank, bankin da ya fi kowanne girma a ƙasar. Kamfanonin Visa da Mastercard su ma sun dakatar da ayyukansu a can.

Daga nan aka koma kan hanyoyin samun kuɗin shiga. An hana shigo da zinaren Rasha a 2022, da lu’ulu’unta daga farkon 2024. Tarayyar Turai ta daina karɓar ɗanyen man Rasha ta ruwa daga ranar 5 ga Disamban 2022, tataccen mai kuma daga 5 ga Fabrairun 2023. A Nuwamban 2024 Amurka ta saka Gazprombank cikin jerinta, sannan a Oktoban 2025 ta ƙara da manyan kamfanonin mai biyu, Rosneft da Lukoil.

Darasin da ke cikin wannan jerin ranaku shi ne takunkumi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bankin da aka biya kuɗi ta cikinsa lafiya bara yana iya zama haramtacce bana, haka kuma ana cire wasu sunaye lokaci zuwa lokaci.

Me ya haɗa ɗan kasuwar Kano da dokar Amurka?

Amsar tana cikin hanyar da dala ke bi. A ɗauka wani kamfani a Kano ya sayi alkama daga wani dillali a Dubai, kuma za a biya da dala. Kuɗin ba ya tashi daga Kano kai tsaye zuwa Dubai. Bankin mai saye yana da asusu a wani babban banki a birnin New York, haka ma bankin mai sayarwa. A tsakanin waɗannan asusai ne ake cire kuɗin daga nan a zuba can. Da zarar cinikin ya ratsa ta New York, ko da na daƙiƙa ɗaya ne, ya shiga ƙarƙashin dokar Amurka. Haka lamarin yake ga yuro da ke bi ta bankunan Turai, da fam da ke bi ta Landan.

Hukumar da ke kula da wannan a Amurka ita ce OFAC, wani ofishi a Ma’aikatar Baitul-mali. Dokarta ta hana Amurkawa da kamfanoninsu mu’amala da waɗanda aka haramta, ta kuma hana baƙo ya jawo Ba’amurke ya karya dokar. Wanda ya ɓoye sunan haramtaccen kamfani a takardar biyan kuɗi don ta wuce ta bankin New York ya faɗa cikin wannan laifi, ko a ina yake zaune. A ɓangaren tarar kuɗi, hukumar ba ta buƙatar tabbatar da cewa da gangan aka yi, domin aikata abin kawai ya isa hujja.

Bankunan duniya sun koyi wannan darasi da tsada. A 2014 bankin BNP Paribas na Faransa ya amsa laifin sarrafa hada-hadar biliyoyin daloli a madadin wasu cibiyoyin Sudan da Iran da Kuba, ta hanyar ɓoye sunayensu a saƙonnin biyan kuɗi. Ya biya kusan dala biliyan 8.9, aka kuma hana wasu sassansa hada-hadar dala na tsawon shekara guda. A 2019 Standard Chartered ya biya kimanin dala biliyan 1.1 kan makamancin wannan laifi. Babu ɗaya daga cikinsu da yake bankin Amurka.

Ga bankin Najeriya, abin da ya fi tara ban tsoro shi ne rasa asusunsa na New York. Bankin da aka rufe wa wannan asusu ba zai iya buɗe wa abokan cinikinsa takardar lamunin shigo da kaya ba, ba zai iya karɓar kuɗin kayan da suka fitar ba, ba zai kuma iya biyan kuɗin makarantar ’ya’yansu da ke waje ba. Wannan ne ya sa jami’in banki zai gwammace ya ƙi cinikin mutum ɗaya, komai ribarsa, da ya jefa dukkan abokan hulɗarsa cikin matsala.

Akwai kuma takunkumi na biyu, wanda ke hawa kan wanda ya taimaki wanda aka haramta ko da dala ba ta shiga cinikin ba. A ranar 22 ga Disamban 2023 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sanya hannu kan umarni mai lamba 14114, wanda ya ba da damar hukunta duk wani bankin ƙetare da ya gudanar da babban ciniki ga masana’antun yaƙin Rasha. A Yunin 2024 aka faɗaɗa ma’anar ta haɗa da duk wanda aka riga aka haramta a ƙarƙashin babban umarnin da ya shafi Rasha. Bayan wannan ne bankuna a Turkiyya da Daular Larabawa da China suka tsaurara bincike kan kuɗin da ke da alaƙa da Rasha. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Jerin sunaye da ƙa’idar kashi 50

Kowace hukuma na wallafa jerin mutane da kamfanoni da jiragen ruwa da ta haramta. Na OFAC, da na Tarayyar Turai, da na Birtaniya, da na Majalisar Ɗinkin Duniya duk suna kan intanet, kuma kyauta ake duba su. Matakin farko na bin ƙa’ida shi ne a binciki sunan abokin ciniki a cikinsu kafin a ƙulla yarjejeniya.

Rashin ganin suna a jerin bai wadatar ba. A ƙa’idar OFAC, duk kamfanin da haramtattun mutane suka mallaki kashi 50 cikin 100 nasa ko fiye, kai tsaye ko ta hannun wani kamfani, shi ma haramtacce ne ko da ba a ambaci sunansa ba. Ana kuma haɗa hannun jarin ne: idan wani haramtacce na da kashi 30, wani kuma na da kashi 25, kamfanin ya shiga ciki. Turai da Birtaniya sun ƙara da duba wanda ke juya akalar kamfanin a zahiri, ko da hannun jarinsa bai kai rabi ba.

Labarin kamfanin alminiyam na Rusal, wanda ya sayi kaso mafi yawa na masana’antar ALSCON da ke Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom a 2007, ya nuna yadda ƙa’idar ke aiki. A Afrilun 2018 Amurka ta haramta attajiri Oleg Deripaska tare da kamfanonin da ke ƙarƙashinsa, ciki har da Rusal. Farashin alminiyam ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya. A Janairun 2019 aka cire kamfanin daga jerin bayan attajirin ya rage hannun jarinsa a uwar kamfanin zuwa ƙasa da rabi, aka kuma sauya tsarin hukumar daraktoci. Shi kansa ya ci gaba da zama a jerin. Ke nan tambayar da ta fi muhimmanci a kan kowane kamfani ita ce: su wane ne ainihin masu shi?

Abinci da taki da magani

Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa an hana duk wani ciniki da Rasha. Ba haka ba ne. Amurka ta fitar da izini na bai-ɗaya da ya halatta cinikin kayan gona da takin zamani da magunguna da kayan asibiti, Tarayyar Turai ma ta sha bayyana cewa matakanta ba su hana wata ƙasa sayen hatsi ko taki daga Rasha ba. Irin wannan sassauci tsohon abu ne. Ko a lokacin takunkumin da Amurka ta sanya wa Sudan daga 1997 zuwa 2017, an bar ƙofa a buɗe ga ƙaro, saboda masana’antun lemon kwalba da na magunguna na dogaro da shi.

Matsalar ita ce kayan na iya zama halal amma hanyar da za su bi ta toshe. Bankin mai sayarwa na iya kasancewa an cire shi daga SWIFT, mai jirgi na iya ƙin zuwa tashar, kamfanin inshora na iya tsauwala farashi, ko kuma mai kamfanin takin da kansa yana cikin jerin. A kan haka ne shugaban Tarayyar Afirka na lokacin, Macky Sall na Senegal, ya yi wa shugabannin Turai ƙorafi a 2022 cewa cire bankunan Rasha daga SWIFT na wahalar da biyan kuɗin hatsi da taki.

Najeriya ta ɗanɗana wannan. Takin NPK da ake haɗawa a cikin gida na buƙatar yuriya da farar ƙasa da ake samu a nan, da fosfat daga Maroko, da fotash da ake shigowa da shi. A 2022, gab da faɗuwar damina, fotash ɗin da ake jira daga Rasha bai iso ba, sai da aka nemo madadinsa cikin gaggawa daga Kanada. A daidai wannan lokaci dubban tan na takin kamfanin Uralchem na jibge a tashoshin ruwan Turai, saboda an saka attajirin da ke da alaƙa da kamfanin, Dmitry Mazepin, a jerin Tarayyar Turai. Daga baya, da shiga tsakanin Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya, aka saki wani kaso aka raba shi kyauta ga ƙasashen Afirka. Malawi ta samu tan 20,000, Kenya ma ta samu nata kason, kamfanin kuma ya ba Najeriya kyautar taki.

Masana na kiran wannan hali wuce gona da iri wajen bin doka: banki ko mai jirgi ya ƙi cinikin da doka ta halatta saboda tsoron kuskure. Maganinsa a wajen ɗan kasuwa shi ne cikakkun takardu. Wanda ya je banki da shaidar irin kayan, da asalinsu, da masu kamfanin da ya saya daga wurinsa, da lambar izinin da ya halatta cinikin, ya fi kusa da samun amincewa fiye da wanda ya je da rasit kawai.

Mai da jiragen ruwa

Ɓangaren mai na da tsari na musamman. Ƙasashen G7 da Tarayyar Turai da Ostireliya ba su so man Rasha ya ɓace daga kasuwa ba, domin farashi zai hau kan kowa. Sai suka ƙayyade farashi: kamfanoninsu na jigila da inshora da bankuna za su iya hidimta wa jirgin da ke ɗauke da ɗanyen man Rasha zuwa wata ƙasa muddin an saye shi a kan dala 60 ganga ko ƙasa da haka. Ga tataccen mai irin dizal an sanya dala 100, ga mai arha irin baƙin mai kuma dala 45. A 2025 Tarayyar Turai da Birtaniya sun rage na ɗanyen mai zuwa dala 47.60.

Ƙarfin wannan tsari na cikin inshora ne. Gamayyar ƙungiyoyin inshorar jiragen ruwa da ke da cibiya a Landan ce ke ɗaukar nauyin kusan kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen dakon kaya na duniya. Don kauce mata, an tara ɗaruruwan tsofaffin tankoki da ake yi wa laƙabi da ayarin ɓoye. Sukan sauya suna da tuta akai-akai, su kashe na’urar da ke nuna inda suke, su juye mai daga jirgi zuwa jirgi a tsakiyar teku don a ɓatar da asalinsa. An saka ɗaruruwansu a jerin haramtattu.

Wannan ya shafi masu shigo da mai, da wakilan jirage, da masu sayar wa jirage mai da abinci a tashoshin Legas da Fatakwal da Onne. Kowane jirgi na da lambar rajista ta Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, mai alƙaluma bakwai, wadda ba ta canzawa ko an canza masa suna sau goma. Da ita ake bincike. Bayan haɗarin takunkumi, akwai na malalar mai: idan tsohon jirgin da ba shi da sahihiyar inshora ya yi haɗari a gaɓar teku, al’ummar wurin ce za ta kwana ciki.

Tarkon sake fitar da kaya

Wani fannin da ake yawan faɗawa cikinsa ba da sani ba shi ne na kayan da ake amfani da su a harkar farar hula da ta soja. Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya da Japan sun fitar da jerin nau’o’in kaya 50 da suka fi sa wa ido, yawancinsu ƙananan kayan lantarki da na sadarwa da injinan ƙira, saboda an same su cikin makaman da aka tsinta a fagen daga. Dokar Amurka na bin kayan da aka ƙera a can duk inda suka je, ko da sun sauya hannu sau da yawa. Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa masu fitar da wasu kayayyaki su saka sharaɗi a kwangila cewa ba za a sake tura su Rasha ba.

Masu neman kauce wa dokar kan nemi kamfani a wata ƙasa da ba ruwanta, ya sayi kayan da sunansa, sannan ya tura musu a kan lada mai tsoka. Alamomin irin wannan tayi sanannu ne: sabon abokin ciniki da ba shi da tarihi, wanda ke son kayan da ba su dace da sana’arsa ba, wanda ya ƙi faɗin inda kayan za su ƙare, wanda ke son a biya ta wani kamfani na uku a wata ƙasa daban, wanda ya nemi a goge wani suna ko a sauya bayanin kaya a takarda, da wanda ke tayin riba fiye da abin da kasuwa ta sani. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya dace ya dakata.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

A cikin gida, Dokar Hana Ta’addanci ta 2022 ta kafa Kwamitin Takunkumi na Najeriya a ƙarƙashin jagorancin Antoni Janar na Tarayya. Shi ke aiwatar da takunkumin Kwamitin Sulhu da ya shafi ta’addanci da yaɗuwar makaman ƙare dangi, yana kuma da nasa jerin na cikin gida. Da zarar an saka suna, wajibi ne bankuna da sauran cibiyoyi su daskarar da kadarorin mai sunan nan take, ba tare da sanar da shi ba, su kai rahoto.

Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2022 kuma ta wajabta sanin abokin ciniki da ainihin mai cin moriyar kamfani, da kai rahoton duk wata hada-hadar da ake zargi ga hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi, NFIU. Babban Bankin Najeriya ke sa ido kan bankuna, yayin da sashen SCUML na hukumar EFCC ke kula da sana’o’i irin su dillancin gidaje da motoci da gwala-gwalai.

Ƙasar ta san illar sakaci a wannan fanni. A Fabrairun 2023 hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake ƙara sa wa ido, abin da ya sa bankunan ƙetare suka ƙara tsananta bincike kan kuɗin da ke fitowa daga nan. Sai a Oktoban 2025 aka cire ta, bayan gyare-gyare. Kowane ciniki mara tsabta da aka kama ya fito daga bankin Najeriya na rage wannan aminci da aka sha wahala kafin a dawo da shi.

Matakan da suka rage wa ɗan kasuwa

Bin ƙa’ida ba sai babban kamfani ba. Abu na farko shi ne a tuntuɓi sashen kula da bin doka na banki kafin a sa hannu a kwangila ko a buɗe Form M, domin a san ko bankin zai iya biyan kuɗin ta hanyar da aka tsara. Da yawa sai kaya sun hau ruwa suke gano cewa babu hanyar biya.

Na biyu, a binciki duk wanda ke cikin cinikin: mai sayarwa, da masu kamfaninsa, da bankinsa, da dillali, da jirgi, da mai inshora. A yi binciken lokacin ƙulla yarjejeniya, a sake yi ranar biyan kuɗi, domin jerin na sauyawa. A lura cewa ana rubuta sunayen Rashawa da haruffan boko ta hanyoyi daban-daban, don haka a gwada rubutu fiye da ɗaya, a haɗa da ranar haihuwa ko lambar rajistar kamfani.

Na uku, a saka sharaɗi a kwangila da zai ba da damar janyewa ba tare da biyan diyya ba idan takunkumi ya hau kan ɗaya ɓangaren kafin a kammala.

Na huɗu, a adana takardu. A 2024 Amurka ta tsawaita wa’adin da za ta iya bin laifin karya takunkumi daga shekara biyar zuwa goma, don haka cinikin da aka manta da shi na iya dawowa da tambaya.

Na biyar, kada a taɓa sauya gaskiyar takarda. Goge sunan banki, ko rubuta wata ƙasa a matsayin asalin kaya, shi ne ke mayar da kuskure ya zama babban laifi. Idan kuma an gano an yi kuskure, a dakatar da cinikin a nemi lauyan da ya san fannin. A tsarin OFAC, wanda ya kai kansa kafin a gano shi ana rage masa rabin tushen tarar.

Iyayen da ke da ’ya’ya a jami’o’in Rasha su ma abin ya shafe su. Katin Visa ko Mastercard da aka fitar a Najeriya ba ya aiki a can, kuma kamfanin da ke gudanar da katin Mir na Rasha ya shiga jerin Amurka a Fabrairun 2024. Abin da ya fi shi ne a nemi makarantar ta ba da bayanin asusun da za a biya a rubuce, a kai wa banki ya duba. Masu komawa ga kuɗin kirifto su sani cewa ba mafaka ba ce: an haramta dandalin Garantex mai alaƙa da Rasha tun Afrilun 2022, kuma a Nuwamban 2023 kamfanin Binance ya amince ya biya hukumomin Amurka kimanin dala biliyan 4.3 kan laifukan da suka haɗa da karya takunkumi.

Muhawara kan adalcin takunkumin da ƙasa ɗaya ke sanyawa ya hau kan ’yan wata ƙasa tsohuwa ce, kuma ƙasashe masu tasowa da dama na ganin hakan shiga hurumin ’yancinsu ne. Najeriya ta tsaya a ɓangarori biyu na wannan tarihi. A 1979 ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP don matsa wa Birtaniya lamba kan batun Rodeshiya da mulkin wariyar launin fata, a 1995 kuma ita aka dakatar daga ƙungiyar Commonwealth, Tarayyar Turai ta hana sayar mata da makamai. Warware wannan muhawara aikin gwamnatoci ne da jami’an diflomasiyya. Abin da ke hannun mai shigo da alkama ko taki shi ne ya san wanda yake ciniki da shi, da bankin da kuɗinsa zai ratsa, da jirgin da zai ɗauko masa kaya, tun kafin ya fitar da ko kwabo.